Motar Hamma a Ƙofar Gida

Abin ya fara ne daga Rakiya, maƙwabciyata. Ranar Talata ce bayan la'asar, ina tsugune a tsakar gida ina tankaɗe garin tuwo, sai ga ta ta shigo tana gyara ɗankwali, ta ce in ba ta 'ya'yana Fa'iza da Hamida su tafi wurinta, wai ta yi ɗanwake ya yi mata yawa. Shekara goma sha ɗaya muna katanga ɗaya da Rakiya a Mungadi, ban taɓa jin abinci ya yi mata yawa ba. Na dube ta, ta kau da kai, ta kama hannun yaran ta fice da su kamar ana korarta. Ban kawo komai a raina ba. Na ce ƙila Allah ne ya taɓa zuciyarta.

Ban kai ga ɗora tukunya ba na ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Ta yi tari sau biyu kafin ta mutu. Rariyar da ke hannuna ta suɓuce ta faɗa cikin garin.

Na san motar nan. Tsohuwar motar haya ce ja, ta Hamma direba, wani dattijon Bafillace mai jigila tsakanin Jega da Maiyama. Bari in gaya muku abin da ya sa kukanta ya firgita ni. Tunda aka kawo ni gidan nan, sau biyu kacal mota ta taɓa tsayawa a ƙofata domin ni. Na farko kawuna ne ya zo ya ce Baba na nemana a Gumbin Kure, wai maganar gona za a yi. Muka isa na tarar har an dawo daga maƙabarta. Na biyu shekara biyu ke nan, wannan jar motar ce ta zo, Hamma na tuƙi, Shafa'atu ƙanwar mijina na zaune a baya. Ta ce jikin Inna mahaifiyata ne ya ɗan motsa amma da sauƙi, har ta sha kunu. Inna kuwa tun da asuba ta cika.

Haka ake yi a wurinmu. Ba a faɗa wa mace mutuwar nata a waya, ba a faɗa mata tana ita kaɗai a gida. Mota ake aikowa da wata 'yar'uwa mai taushin baki, a kwashe yara zuwa maƙwabta, a lallaɓa ta da ƙarya har a kai ta inda akwai hannuwan da za su riƙe ta. Ban ce al'adar ba ta da kyau ba. Ni ma an taɓa aikena na ɗauko wata, kuma ƙaryar da na shara mata a hanya ta fi wadda aka yi mini.

Sai ga Shafa'atu ta shigo.

Ita fa yarinyar nan abokiyar wasata ce. Tun daga zaure take ɗaga murya, ina matar nan da ta mallake mana yaya, ina abincinmu. Yau sallama ta yi ƙasa-ƙasa, ta durƙusa ta gaishe ni, idonta a kan takalminta.

"Matar Yaya, tashi ki shirya. Yaya ya ce a zo da ke."

"A zo da ni ina?"

"Ke dai taho mu tahi."

"Shi shina ina?"

"Shina nan lahiya lau." Ta ja gefen hijabinta ta toshe baki.

Mijina Attahiru, Baban Fa'iza nake ce masa, direban motar albasa ne. Lokacin cirar albasa ba ya zama. Daga sallar asuba ya fita, ya bi fadamu ana loda masa buhuna har su fi kan motar tsawo, ya kai kasuwar Aliero, ya koma ya sake. Na sha yi masa faɗan lodin nan, ya ce albasa ba ta jiran kowa. Ranar da safe ko kokonsa bai shanye ba. Ya ce in sa masa farar shaddarsa a leda, yana da inda zai je. Da ya kai bakin zaure ya juyo ya dube ni, ya yi murmushi, ya fita. Shekara goma sha bakwai muna tare, mutumin nan bai saba juyowa ba. Duk wannan ya dawo mini a lokaci ɗaya ina tsaye gaban Shafa'atu.

Na ɗauko waya na kira shi. A kashe. Na sake kira. A kashe. Baban Fa'iza ko masallaci ya shiga ba ya kashe waya, sai dai ya toshe mata murya, saboda masu kaya.

"Ki sa leshin nan naki mai ruwan ƙwai," in ji Shafa'atu. "Ki ɗan shafa hoda."

Na zari tsohon hijabin da nake sallah da shi, na zura silifas, ƙafa ɗaya nawa ƙafa ɗaya na Fa'iza, na fita da gari har gwiwar hannu. Ƙofar ɗaki ma Shafa'atu ce ta ja mini.

Hamma ya amsa gaisuwata da kai. Muka hau kwalta. Zafi ake yi irin na bazara, kujerar motar kamar kasko. Na matso gaba na kama bayan kujerarsa.

"Hamma, don girman Allah, mi anka ce maka?"

"Ba a ce mini komi ba, Hajiya. Yarinyar ga ta same ni tasha, ta ce in tuƙa, ita za ta riƙa nuna hanya."

Ya ɗago ido ya dube ni ta madubi, ya dubi Shafa'atu. Ita tana can manne da ƙofa, fuskarta a taga, hijabi cushe a baki, kafaɗunta na rawa. Da ta ɗan juyo na ga idanunta sun cika da ruwa. Hamma ma ya gani. Ya miƙa hannu ya kashe rediyo, ya rage gudu. Can na ji yana salati a hankali.

"Haƙuri, Hajiya," ya ce. "Dukanmu hanyar ke nan."

Wallahi da ya zage ni ya fi mini sauƙi.

Daga nan na bar tambayar mutane, na koma tambayar hanya. Hanya ba ta iya ƙarya. Na ce in a Maiyama muka tsaya, wurin asibiti, to rauni ne ƙarami, ɗinki ne da allura. Muka shiga Maiyama. Na zuba wa bakin Shafa'atu ido ina jiran ta ce tsaya. Ba ta ce ba. Muka wuce masu kankana, muka wuce tasha, gari ya ƙare.

Na ce to Jega. A Jega akwai asibiti, kuma a nan hanya take rabuwa. In muka bi ta Birnin Kebbi, abin ya yi tsanani ke nan, an wuce da shi babban asibiti, amma da ransa. In muka bi ta Aliero, abu biyu ne. Ko dai gidan masu ɗori, don duk wanda ya karye a ƙasar nan can ake kai shi, har daga Nijar zuwa ake yi. Ko kuwa mu zarce Jiga Makera, garinsu, inda mahaifinsa ke kwance, inda ya sha gaya mini a nan yake so a sa shi.

Tsakanin Maiyama da Jega ban san sau nawa na kira wayar nan ba. Har na fara jin haushin matar da ke ciki mai cewa a kashe take. Na tuna rigarsa da na bari a jiƙe cikin baho. Na tuna jiya na yi masa tsawa a kan ya shigo mini ɗaki da takalmi, ya ce yi haƙuri, na ƙi kula shi har ya yi barci. Na tuna wata huɗu da kwana goma na takaba, da Hamida wadda ba ta cin tuwo sai ya gutsura mata da hannunsa. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba, ko a mutuwar Inna, domin ranar Inna akwai wanda ya tarbe ni a ƙofa ya riƙe ni, kuma shi ne.

Muka haye gada muka shiga Jega. Hamma ya tsaya kusa da shataletale, ya jira.

"Hanyar Aliero," in ji Shafa'atu.

Wani sauti ya fita daga bakina wanda ban san ina da shi ba. Shafa'atu ta juyo ta dube ni sosai, karo na farko tun da muka baro gida. Na ga fuskarta ta canza. Ta saki hijabin, ta kama hannuna.

"Matar Yaya, tsaya. Wallahi tallahi ba abin da kike tsammani ba ne. Dariya nike ɓoyewa. Yaya ya rantsar da ni kada in faɗa, amma ba ni iyawa. Abinci za shi saya miki. Yau ranar haihuwarki ce. Shi ya shirya komi, shi ya ce a ɗauko ki da mota."

Na dube ta daga sama har ƙasa. Ranar haihuwa. Ni Gudiya, 'yar manoma, wadda ko Inna da ta haife ni abin da ta riƙe shi ne ana cikin yankan gero ne, shekarar da gulbi ya ci gonar kawu. Kuma wai Baban Fa'iza, mutumin da ko sunan 'ya'yansa sai ya kira sau uku kafin ya dace da wadda yake nufi, shi ne zai riƙe ranar haihuwa.

"Shafa'atu," na ce, "a mutuwar Baba maganar gona anka ce mini. A ta Inna ke da bakinki kinka ce ta sha kunu. Yanzu duk ƙaryar duniya ta ƙare miki sai wagga?"

"Na rantse miki da Allah."

"Rantse. Gobe ki yi azumin kaffara. Na san yadda ake yi."

Ta ciro wayarta ta kira shi da kanta don in ji muryarsa. A kashe. Ta ce ai dama, ai ƙila caji ne, ta mayar da wayar jaka. Hamma kuwa carbi ya ciro daga aljihu ya rataya a yatsa.

Ba mu yi nisa da Jega ba na fara jin warin albasa, ba irin na mota mai wucewa ba, irin na wadda aka murƙushe. Sai ga rassan itace an jera a kan kwalta. Hamma ya taka birki. A wata 'yar kwana, albasa ce warwatse tun daga tsakiyar hanya har cikin rami, tayoyi sun niƙe rabi, ga buhuna a yage, ga fasasshen gilashi na ƙyalli. Motar ba ta nan, an janye ta. Mutane uku na tsintar abin da ya rage suna zubawa a buhu.

Hamma ya leƙa ya yi wa ɗaya sallama, ya tambaye shi wace mota ce.

"Ta albasa ce, fara. Da azahar ta faɗi, taya ta fashe."

"Direban fa?"

"An tahi da shi Aliero."

"Da rai?"

"Wallahi ban sani ba, Baba. Ni bayan an ɗauke shi na zo."

Motar Baban Fa'iza fara ce. Na sani rabin motocin albasar ƙasar nan farare ne, amma je ka gaya wa zuciyata haka a lokacin. Na juya wurin Shafa'atu don in ce mata kin gani, sai na tarar ita ma ta yi tsuru-tsuru, leɓenta na rawa. Wannan karon ba dariya ba ce.

"Yaushe rabonki da jin muryarshi?" na tambaye ta.

"Tun hantsi," ta ce.

A nan ne na gane abu biyu a tare, kuma na biyun ya fi na farkon muni. Yarinyar nan gaskiya take faɗa, da gaske akwai wani abinci a wani wuri. Kuma ita ma ba ta san ko wanda ya shirya shi yana raye ba.

Shafa'atu na kuka a hankali, hannunta cikin nawa, garin tuwo ya ɓata mata hijabi. Ni kuwa addu'a nake yi wadda ban taɓa zaton mace za ta yi wa mijinta ba. Ya Allah ka sa karaya ce. Ka sa ƙafa ce, ko duka biyun. Ka sa in same shi kwance a kan tabarma an ɗaure shi da karare yana ihu. Zan yi jinyarsa shekara, zan ɗauke shi in kai shi bayan gida a bayana, ba zan ƙara yi masa maganar takalmi ba.

Da muka shiga Aliero rana ta yi ja. Hamma ya tambaya ko gidan ɗori za mu fara zuwa. Shafa'atu ta share fuska ta ce a'a, mu fara duba inda ya ce, yana kan hanya. Muka bi ta wajen jami'a, inda ɗalibai ke cin abinci. Ta nuna wani gidan abinci mai shuɗin fenti. A gabansa an kafa rumfa, an jera fararen kujerun roba, irin dai waɗanda ake jerawa a zaman makoki. Na duba ko'ina ban ga motarsa ba.

Wani mutum na tsaye a bakin rumfar cikin farar shadda, ya ba mu baya, yana leƙen hanya ta ɗaya gefen. Hularsa ta karkace hagu. Mutum ɗaya na sani a duniya da ba ya iya daidaita hula.

Motar ta yi tarinta sau biyu. Ya juyo. Ya washe baki har kunne, ya taho yana buɗe hannuwa kamar wanda ya ci gasa.

Ban san yadda na buɗe ƙofar ba. Na dai san na taka ƙasa, na zauna daɓas a cikin ƙura. Ya rugo ya durƙusa. Na kama kafaɗarsa na matsa, na bi hannunsa har yatsu, na kama ɗayan, na taɓa gwiwoyinsa, na taɓa haƙarƙarinsa. A gaban Hamma, a gaban ɗalibai, ni da ko hannunsa ban taɓa riƙewa a waje ba. Duk inda na taɓa sai na bar masa shaidar gari a farar shadda. Ba inda ya karye. Yana warin sabulu da turare, da albasa can ƙasa-ƙasa.

"Gudiya, lahiya? Mi ya faru? Ina leshin?"

Sai a lokacin fushi ya zo, kuma ya zo da ƙarfinsa.

"Ina wayarka?"

"Na kashe ta."

"Don mi?"

"Na san in kinka kira kinka tambaye ni sau biyu, sai na faɗa miki."

"Ina motarka?"

"Tana kasuwa, na bar ta wurin wanki. Ban so warinta ya..."

"Ka kwashe mini yara. Ka aiko mini Hamma. Ka aiko mini Shafa'atu tana toshe baki. Ka kashe waya. Ga mota ta faɗi a hanya, fara, ta albasa. Baban Fa'iza, tun daga Mungadi nike maka takaba. Na binne ka a Jiga Makera, na dawo, na raba yara. Kai kana nan kana gyaran hula."

Murmushin ya bar fuskarsa a hankali. Ya dubi ƙanwarsa da idanunta suka kumbura, ya dubi Hamma da carbinsa, ya dubi silifas ɗin da ke ƙafata. Na ga lokacin da abin ya shige shi. Ya dafe kai da hannu biyu, ya ce innalillahi, ya zauna a ƙasa kusa da ni da shaddarsa da komai.

Motar da ta faɗi, ya ce, ta wani abokin aikinsu ce, Waliyyu, mutumin Maiyama. Ya karye a cinya, yana gidan ɗori, da ransa. Shi ma Baban Fa'iza yana cikin waɗanda suka kai shi, daga can ya wuce ya yi wanka. Ko kaɗan bai kawo a ransa cewa ta nan za mu biyo mu gani ba.

Aka kira magariba. Mai abincin, wata mata mai kirki, ta ja ni ciki ta ba ni ruwa na wanke hannu da fuska, ta shimfiɗa mana darduma ni da Shafa'atu. Na daɗe a sujada. Da na fito na tarar an haɗa tebur a can gefe, Shafa'atu ta ja Hamma sun koma wani teburin, an bar mu mu biyu.

Abincin dai ga shi nan. Shinkafa irin ta ɗalibai mai launin ɗorawa, kaza, gasasshen kifi, lemo mai sanyi. A tsakiya kuma wani kwali. Ya buɗe shi yana satar kallona. Kek ne, ya sayo shi a Jega tun da safe, ya yini da shi a gaban mota cikin wannan rana. Ya narke ya zube gefe ɗaya, rubutun da ke kansa ya zama jan ruwa.

Ban taɓa komai ba. Na naɗe hannu.

"Wa ya ce maka yau anka haife ni?"

"Katinki na ɗan ƙasa."

"Ranar da ke kan katin nan, yaron ofis ne ya ƙirƙiro ta. Ya tambaye ni na ce ban sani ba, ya rubuta abin da ya ga dama."

"Na sani. Ni na raka ki."

"To?"

Ya yi ta juya cokali. Baban Fa'iza ba mai magana ba ne, in zai faɗi abu mai nauyi sai ya yi ta kewaye kamar mai neman wurin ajiye mota.

"Kin tuna ranar da munka dawo daga bakwai ɗin Inna?" ya ce. "Cikin motar Hamma. Kina zaune wajen taga. Kin ɗauka barci nike."

Ban tuna ba.

"Kinka ce, ke dai a duniya mota ba ta taɓa zuwa ɗaukarki don alheri ba. Ba da ni kike ba, da taga kike. Kuma tun ranar, duk motar da ta tsaya a layinmu, ko ta mai sayen gero ce, sai na ga kin saki abin da ke hannunki. Ina gani. Ban san mi zan ce ba."

Ya ajiye cokalin.

"Shekara biyu ina neman dalilin da zan aiko miki mota. Sallah ta kowa ce. Suna na mai jego ne. Sai nike ganin yaran jami'ar ga suna taruwa nan da kek, wai ranar mutum ce shi kaɗai. Na ce to ga rana, ko ta ƙarya ce. Na ce Hamma nike so, ba wani direba ba. Na ce Shafa'atu, ba wata ba. Motar nan dai, mutanen nan dai, hanyar nan dai, amma ki sauka ki tarar da abinci. Na so in wanke miki ita ne, Gudiya. Ban yi tunanin abin da za ki ji a cikinta kafin ki iso ba. Wauta na yi. Ki yafe mini."

Maganar da ni mai ita na manta, maganar da na yi wa gilashin mota, mutumin nan ya ɗauke ta ya yi shekara biyu yana yawo da ita tsakanin fadama da kasuwa. Shi da ba ya tuna inda ya ajiye makulli. Wauta kam ya yi, babba, ba zan rage masa ko kaɗan ba. Amma tunda Inna ta rasu ban san akwai mai kallona haka ba. Na ji son mutumin nan ya cika mini ƙirji har ya yi mini zafi, na ja hijabi na rufe fuska na yi kukan da na riƙe tun daga Maiyama.

Da na gama na ce ya miƙo cokali. Na ɗebi kek ɗin nan da ya narke na kai baki. Zaƙi kamar ya kashe mutum, kuma wallahi albasa ta shige shi har ciki. Na ci cokali uku yana kallona.

"Ya yi daɗi?"

"Bai yi ba. Ƙaro mini."

Na ci kifin, na ci kazar, don tsoro ma yunwa yake sawa. Na sa mai abinci ta juye rabin shinkafar da cinyar kaza biyu a roba. Na ce kafin mu bar garin nan sai mun biya gidan ɗori, domin yau akwai matar da aka aika wa mota a Maiyama, kuma na san ba ta ci komai ba.

Muka fito. Hamma ya riga ya buɗe mana ƙofa, yana sakace, ya ce shi dai shekara talatin yana ɗauko mata a motar nan, yau ne karo na farko da aka ba shi kaza a ƙarshen tafiya. Baban Fa'iza ya tsaya yana sosa ƙeya, shaidar yatsuna har yanzu a kafaɗarsa.

"Ba zan ƙara ba," ya ce. "Na yi alkawari. Daga yau ba mota ba kek."

Na dubi jar motar nan, da fashewar gilashinta, da kujerar da na jiƙa da gumi. Na shiga na zauna wajen taga, na matsa na bar masa wuri.

"Baɗi ma ka aiko ta," na ce. "Amma ka zo a cikinta."